Oba-Oba da Ɗan Farin Mai Masaukina

Albasa ce sana'ata tun ina saurayi. Da jaki na fara, na koma keke, daga baya Allah ya hore mini wata tsohuwar a-kori-kura wadda sai an tura take tashi in ta kwana. A Aliero aka haife ni, amma rabin cinikina a ƙauyukan Maiyama nake yin sa, domin a can nakan sami albasa mai ƙwari, wadda za ta kai kurmi ba ta jiƙe a buhu ba. Ina saye a gona, in tara a Jega, in loda wa manyan motoci.

A shekarun farko bayan an ba mu jiharmu, ba mai waya a aljihu. In abu ya sami mutum a ƙauye, sai wani ya hau keke ya kai labari, kafin ya je ya dawo abin da zai faru ya faru. To a lokacin ne hukuma ta kawo rediyon magana, wanda kowa ke kira oba-oba. Akwatin ƙarfe ne da igiya da abin riƙewa a hannu, sai doguwar eriya a kan rufi. In za ka yi magana ka danna, in ka gama ka saki, sannan na can ya amsa. An sa babba a asibitin Jega, an sa a ofishin hukuma na Aliero da na Maiyama, da wurin 'yan sandan da ke mararrabar Jega, da ofishin malaman gona, sannan aka raba wa ɗakunan shan magani na wasu ƙauyuka, ciki har da Karaye da Jandutsi. Duk a layi ɗaya suke. Abin da ka faɗa wa Jega, kowa yana ji. Yanzu ina jin ana maganar sababbi na zamani, masu murya tas, da za su haɗa asibiti da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Namu na wancan lokaci sai ka kasa kunne sosai, don maganar tana zuwa ne cikin shuu kamar ana suya.

Karaye ba wuta, saboda haka na can da batirin mota yake aiki. Malamin asibitin garin ya rasa yadda zai riƙa kai batir caji Jega, ga shi babur kawai gare shi. Ni kuwa hanyata ce. Na ce ya bar mini, in tafi da wanda ya mutu in dawo da mai rai. Ba zan ce don lada kaɗai na yi ba. Mutumin da ke kawo wa gari batirin asibiti, da wuya a tsallake shi a sayar wa baƙon dillali albasa. Da tafiya ta yi nisa sai malamin ya ba ni makullin ɗakin, don sau da yawa nakan zo yana yawon rigakafi. Ni nake ɗaura batirin, in kunna, in kira Jega in ji ko ana ji na.

Mai amsawa a Jega wata mata ce Kirista da aka turo daga nesa, kowa Madam yake ce mata. Tana jin Hausa sarai, sai dai ba ta jan zance. Mutanenmu sun sha yin ƙorafi wai ba ta amsa gaisuwa har ƙarshe. Ni da ita mun saba ta hanyar gwajin batir. Wata rana na gwada sa'ata.

"Madam, don Allah ki aika a leƙa tasha a jiyo yadda buhu ya kwana."

"Alhaji, layin nan na marasa lafiya ne da gobara. Albasarka ba ta da lafiya ne?"

"Tana gab da kwantawa."

"In ta kwanta ka kira ni."

Sai muka ji dariya daga wani wuri. Mai kula da na Aliero ne, wani tsohon soja ɗan garinmu da muke kira Saje. Ya ce, "Madam, kada ki sake da wanga mutum. In ya ce miki tudu, ki nemi gangare." Tun daga ranar ta ɗauke ni a ɗan kasuwa mai ƙara gishiri, kuma ban ga laifinta ba.

A Karaye ina da mai masauki. Tun ina zuwa da jaki a zaurensa nake sauka, matarsa ke dama mini fura. Ya girme ni, Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini mutumin Aliero. Manomi ne na gaske, kuma ban taɓa gamuwa da mai taurin ciniki irinsa ba. In na taya, sai ya dube ni kamar na zagi kakansa, ya ce albarka, ya kawo zancen ruwan bara. Mukan kai la'asar a kan tsibi ɗaya.

Babban ɗansa shi ne ƙarfin gonar. Magidanci ne a lokacin, da mata da 'ya'ya, shi ke ban ruwa, shi ke gina rudu, wato rumfunan kara da muke ajiye albasa a ciki ta sha iska. Amma ɗan fari ne, kuma Malam mutumin da ne. Ban taɓa jin ya kira sunansa ba. In yana nemansa sai ya ce, "Ina wancan?" Ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya yabonsa, in an yabe shi a gabansa sai ya kau da kai. A ɗakin kakarsa ma ya tashi. Kunyar ɗan fari ke nan, ba wanda ya ɗauke ta ƙiyayya a wurinmu. Uwar ita ma haka take yi.

Ranar da nake son ba da labarinta, bazara ce, an gama cirar albasa ana shanya. Na iso da safe da batir. Yaran motata suka loda buhunan da na saya tun zuwan baya, direba ya juya Jega da su a kan sai washegari zai dawo ya ɗauke ni. Malamin asibiti ya tafi Andarai rigakafi. Na ɗaura batir, na rufe ɗaki, na nufi gonar Malam.

Na same shi a bakin tsibi yana tsintar ganye. Muka gaisa. Na ɗauki albasa na matsa, na shinshina, na yi abin da na saba, wato na taya ƙasa ƙwarai don a sami wurin hawa.

Ya ce, "Na sallama."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na sake faɗa.

"Na ce na sallama, mutumin Aliero. Kawo buhuna."

Shekara da shekaru muna ciniki, bai taɓa karɓar tayin farko ba, balle irin wannan tayi da ni kaina na san wasa ne. Na ajiye albasar na dubi gonar. Ƙananan 'ya'yansa suna nan suna aiki shiru, ba waƙa ba zolaya. Babban ba ya cikinsu.

"Malam, lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ina babban yaron? Ban gane shi wurin rudu ba."

"Shina gida."

"Mi ya same shi?"

Ya ɗan jima yana murza ganye a hannu. "Igiyar ƙasa ta ɗan taɓa shi da sahe, wurin ɗaga kara. An yi mai magani."

Mutanenmu ba sa son kiran maciji da sunansa, shi ya sa suke cewa igiya. Ban tsaya jin sauran ba, na nufi gidan.

A zaure na same shi kwance a tabarma, an ɗaure masa dantse tam da tsumma, an shafa wani baƙin magani a hannun. Ya kumbura har gwiwar hannu, yana ƙyalli. Amma yana cikin hankalinsa, har da ce mini, "Baba Alhaji, yau ka sami tsoho shi kaɗai, ka ji tausayinai." Matarsa na tsugune a bakin ƙofar cikin gida ta rufe fuska. Na ce a nuna mini abin in an kashe. Aka kai ni bayan danga. Gajere ne, mai zane a baya. Kububuwa.

Na san ta. Na taɓa ganin ta sari wani ɗan dako a Jega. Ranar farko yana hira yana cin tuwo, kowa ya ce ya tsira, ashe jini ne ke tsinkewa a ciki. Na koma zaure na ce ya tofar da yawu in gani. Ya tofar, ja. Na duba ƙaurinsa inda fartanya ta taɓa yankarsa kwanakin baya, ciwon da ya riga ya bushe, sai ga shi yana tsattsafo da jini.

A garin nan ba mota. Jakuna ne da kekuna da amalanken shanu, kuma ko an ɗora shi a amalanke cikin wannan rana, ban ga zai kai titi da sauran ƙarfi ba. Na ce zan kira Jega. Malam ya riga ya iso, yana tsaye a waje bai shigo ba.

"Kada ka tada hankalin hukuma kan ƙaramin abu," in ji shi.

Na kama hanya, na waiga sai na gan shi yana biye da ni daga nesa, hannu a baya, kamar mai zuwa wani wuri dabam.

Na buɗe ɗakin, na kunna, na danna. Kafin a jima mutane sun taru a taga.

"Jega, Jega, Karaye ke kira."

"Ina ji, Karaye. Batir ya yi kyau, Alhaji."

"Ba gwaji ba ne, Madam. Maciji ya sari mutum, muna son mota da allura."

"Ina malamin asibiti?"

"Yana Andarai, sai yamma."

"Alhaji, mota ɗaya ce da mu, ka sani. Yanzu ta fita za ta Jandutsi. Mutum ya faɗo daga bishiya, ƙafa ta karye, 'yan'uwansa suna ta kuka a kunnena. In zan juyo da ita sai na tabbata. Akwai mai shi a kusa? Ba ni ubansa ko wansa."

Haka ƙa'idarsu take in ba ma'aikaci a wurin, domin an taɓa kiran mota a kan abin da bai kai ba. Na leƙa na ce wa Malam ana son magana da shi. Ya cire takalmi ya shigo kamar mai shiga gaban alƙali. Na riƙe masa abin a baki, ni nake dannawa.

"Salamu alaikum. Ina wuni? Ina gajiya? Ya aiki? Ya zahin rana? Ya mutanen gida?"

"Lafiya, Baba. Yaya jikin mara lafiya?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

"Ɗanka ne?"

"Yaron gidan nan na."

"Yana magana?"

"Shina magana."

"Ya ci wani abu?"

"Ya sha hura."

"Kana ganin zai iya jira har motar ta dawo daga Jandutsi?"

"Duk yadda hukuma ta gani, daidai na. A hwara da mai karaya, bawan Allah shina cikin wahala."

Bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Yaron yana magana, ya kuma sha fura. Amma na san abin da Madam ta ji: dattijo natsattse, wanda ko ɗansa ma ba ne, yana cewa da sauƙi, ga kuma dillalin albasa yana ihu.

Ta ce, "Alhaji, ka ji da kunnenka. Ku sa shi ya kwanta, in mota ta dawo zan turo ta."

In ta je Jandutsi ta dawo ta sauke, sannan ta kamo hanyar Maiyama ta shigo daji, rana ta tafi. Na dubi Malam. Idonsa na kan ƙasa. Ga mutane cike da taga, ga Aliero da Maiyama da 'yan sanda duk suna saurare. Abin da zan faɗa ba a faɗinsa a gaban uba, balle a bainar jama'a. Na auna, na ga in ya yi fushi da ni ina iya ba shi haƙuri wata rana. Na danna.

"Madam, ki saurare ni. Wanda kika yi magana da shi ubansa ne, shi ya haife shi. Ɗan farinsa ne. Tun safe hankalinsa ba ya jikinsa, ya sallama mini albasarsa a tayin farko. Ba zai iya faɗa miki ba ne."

Malam ya juya, ya sa takalminsa, ya fita. Mutanen taga suka buɗa masa hanya, ba wanda ya dube shi.

Madam ta ce, "In ɗansa ne na fari, ai shi ya kamata ya fi kowa ɗaga murya. Ban gane ba."

Kafin in danna, wata murya ta shigo.

"Jega, Jega, Aliero ke magana. Madam, ki ba ni dama."

"Ina ji, Saje."

"In kin ji an ce ɗan hwari, to ki aje maganar uban gehe. Ko wuta ka cin yaron, da sauƙi za shi ce miki. Ni da nike miki magana, nawa har ya yi gemu ban taɓa kiran sunanai ba. Yau dai dillalin nan gaskiya ya hwaɗi, ki rubuta ranar. Alhaji, kana ji na? Wace iri ce?"

"Kububuwa, na gan ta da idona."

"Ka duba bakinai?"

"Yawunsa ja ne. Tsohon ciwon da ke ƙaurinsa ma ya buɗe."

Sannan Madam ta ce, "Kowa ya saki, kada wanda ya danna. Ina zuwa." Likita ta je kira. Da ta dawo muryarta ta sake, ta zama gajera ƙwarai.

"Karaye, likita ya ce ku kwance ɗaurin nan a hankali, kada a tsaga wurin, kada a ba shi komai ya sha na magani, kada ya tashi. Jandutsi, kuna ji na? Mai karaya, ƙashi ya fito waje? Yana zubar da jini?"

Malamin asibitin Jandutsi ya amsa cewa ƙashi bai fito ba, ba jini, ya ɗaure ƙafar da kara. Ya ƙara da cewa 'yan'uwan ma tun ɗazu maganar masu ɗori na Aliero suke yi.

Saje ya ce, "Ƙashi ai namu na. Ku kawo shi, ni zan tarbe shi da kaina."

"Da wace mota?" in ji Madam. Ba ta jira amsa ba ta kira ofishin malaman gona. Aka yi sa'a motarsu tana shirin zuwa Aliero, suka ce za su ratsa Jandutsi su ɗauke shi. Saura motar asibitin, wadda ba ta da oba-oba a ciki, ga shi ta riga ta bar asibiti. Ta kira 'yan sandan mararraba.

"Mararraba, motar asibiti ta wuce ku?"

"Ga ta can tana shan mai, muna hangen ta."

"Ku tsayar da ita. Ku ce direba ya dawo ya ɗauki nas da akwatin sanyi, Karaye za shi."

Daga nan na Maiyama ya shigo, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba. Ya ce gajeriyar hanyar da direbobi suka saba bi yashi ya cinye ta, mota za ta kafe. Zai sa mutum ya tsaya a bakin titi ya nuna musu ta bayan fadama.

Ina tsaye da abin a hannu, gumi na zuba, ina jin garuruwan nan suna miƙa wa juna magana kamar masu lodi suna miƙa buhu. Ni da na saba aika saƙo ta bakin direba in jira amsa sai wata kasuwar, ban taɓa ganin an gama shawara tsakanin wurare da yawa haka mutum bai ɗaga ƙafa ba.

Na koma zaure muka kwance tsumman. Na zauna kusa da shi ina ja masa hira don kada ya tsorata, ina goge masa baki. Daga cikin gida ana jin daka. Uwarsa ce, ta ƙi fitowa, ta kama turmi tana ta bugu, ban tsammanin akwai sauran abin dakawa a ciki. Malam kuwa ya koma gona. Da na leƙa ta kan danga na hango shi a bakin tsibi yana ware albasa, yana jefa mai kyau cikin ruɓaɓɓu, ya kuma ba hanyar mota baya. Amma duk sanda iska ta kaɗa kara sai kansa ya ɗago.

Rana ta karkata kaɗan muka ji ƙugin inji ta bayan fadama. Nas ɗin namiji ne, bai ɓata lokaci ba, a nan zaure ya sa masa allura ya ɗaura ruwa, sannan aka ɗauke shi a tabarmar aka sa a mota. Ƙanen Malam ya shiga, matar yaron ta shiga, ni ma na shiga. Malam bai zo bakin mota ba. Da muka zo wucewa ta gefen gonar, ya miƙe tsaye, da albasa ɗaya a hannu, har muka sha kwana.

Kwanakin farko a asibiti ba daɗi. An ƙara masa allura, an nemi jini, ƙanen uban ya bayar. Ni ina tasha ina lodi, ina dawowa ina leƙawa. Sannu a hankali yawun ya washe, kumburin ya fara sauka. Ranar da na same shi zaune yana faɗa da matarsa a kan kunun ya yi ruwa, na san ya tashi.

Madam da kanta ta zo ɗakin ta gan shi. A ranar na fara ganin ta ido da ido, 'yar gajeruwa da tabarau, ba kamar yadda muryarta ta sa na zata ba. Ta daɗe tana kallon hannun.

Ta ce, "Alhaji, saura kaɗan in bar shi. A garinmu in ɗanka na fari ne, har titi za ka fito kana ihu."

Na ce, "Shi ma ihun yake yi, Madam. Irin namu ne."

"To ni yaya zan yi in gane? Ba kullum kake wurin ba."

"Ki daina tambayarmu yaya jiki. Ko gawa ke gabanmu da sauƙi za mu ce. Tambayi abin da ido ke gani."

Ta ɗauki maganar, ta ma wuce inda na tsaya. Bayan haka in kana kusa da oba-oba aka kira ta, za ka ji tana cewa, "Kai mene ne naka da shi? Na fari ne? To miƙa wa ƙaninka ko gwaggonsa abin maganar." Sannan ta shiga nata: akwai jini, yana iya tsayuwa, idonsa a buɗe yake? Ma'aikatan sauran wuraren suka koya daga bakinta, tun da kowa na ji. Saje ya riƙa tsokanarta wai ta zama Bakabiya, saura tsagen fuska.

Ni damuwata Malam ce. Na tona shi a gaban garinsa, ban kuma san yadda zai karɓe ni ba. Ran kasuwar Jega ina tasha sai ga shi, da kwando a kai. Muka gaisa kamar kullum. Ya ce igiyar ɗaurin rudu ya zo saye. Na ce to, ai masu igiya ta wajen asibiti suke, mu tafi in raka ka. Ni da shi duk mun san ba a sayar da igiya a can.

Bai shiga ɗakin marasa lafiya ba. Ya tsaya a gindin dalbejiya, inda ake hango gadon ta taga, ya yi kamar yana gyara hula. Yaron yana zaune yana cin rake da hannun hagu. Malam ya kalla sau ɗaya, ya kau da kai.

"Ya mutumin naka?" in ji shi.

"Ya warware. Likita ya ce yatsa ɗaya zai ɗan sandare, amma zai riƙe fartanya."

"To, madalla. Ina ɗakin matar nan mai magana?"

Na kai shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, wannan karon ta amsa har ƙarshe, har ta tambaye shi mutanen gida. Ya tura mata kwandon, ƙwan zabi ne a cikin ƙaiƙayi. Ta ce ba a karɓar komai a aikin nan. Ya ce ba na aiki ba ne, na yara ne. Suka yi ta ja, na ce mata ta haƙura, ni na san shi, sai ta kai magariba ba ta ci nasara ba. Ta karɓa. Ba ta tambaye shi ko ɗansa ne ba, shi kuma bai ambaci dalilin zuwansa ba.

Da muka fito, a bakin ƙofar asibiti, ya tsaya ya ce, "Mutumin Aliero, bakinka ba shi da linzami."

"Na sani, Malam. Ka yi haƙuri."

"Wancan ciniki na rannan, ban cikin hankalina."

"Na sani. Ban ko kai buhuna ba."

"To ka taho mu sake." Ya gyara kwandon da babu komai a ciki, ya nufi tasha.

Da aka sallami yaron ni na mai da shi gida a a-kori-kurata, shi a gaba, matarsa da ƙanen uban a baya da kayan jinya. Tun daga bakin gari yara suka biyo mu da gudu. Mata suka fito, gwaggonsa ta rangaɗa guɗa, ƙannensa suka kewaye motar kowa na son ganin hannun. Uwar tana daga cikin ƙofa, na hangi gefen zanenta kawai.

Malam yana wurin rudu yana ɗaurin kara. Ya ji motar sarai, bai juyo ba. Yaron ya ratsa mutane ya tafi can, ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe shi. Na bi bayansa a hankali.

"Kun iso?" in ji Malam, idonsa na kan igiyar da yake ja.

"Mun iso, Baba."

Ya gama ƙullin, ya gwada ƙarfinsa. Sannan ya ɗaga murya yana yi wa ƙannen magana, ba shi ba.

"Ku kawo tabarma ku shimhiɗa nan inuwa. Ku kakkaɓe wurin da kyau, ku ɗaga karan nan duka ku duba ƙarƙashi. Wancan shi zauna shi nuna muku yadda aka ɗaurin, kun ɓata min rudu biyu da ba shi nan."

Aka kawo tabarma. Kafin a shimfiɗa, Malam ya karɓi sanda da kansa ya bi wurin yana bubbuga ƙasa, ya zagaya gindin bishiyar, ya tura ƙafa ya watsa busasshen ganyen da ya taru. Da ya gamsu, ya jingine sandar kusa da inda yaron zai zauna, ya koma kan ɗaurinsa.